Yadda na yi digirin jarida a ƙasar Hilal da Merrikh

A Sudan idan ka ce kana son zama ɗan jaridar wasanni, ba jami'ar da za ka shiga ake fara tambayarka ba. Tambayar farko ita ce, kai na Hilal ne ko na Merrikh? Waɗannan ƙungiyoyin ƙwallo biyu na birnin Omdurman, Merrikh da aka kafa a 1927 da Hilal a 1930, sun raba ƙasar gida biyu, ja da shuɗi, kuma rabon bai tsaya kan 'yan kallo ba, ya kutsa har ɗakunan labarai. Kafin yaƙin 2023, Khartum kan tashi kowace safiya da jaridun wasanni masu yawa, irin su Goan da Al-Sada da Al-Za'im da Al-Asyad, kuma duk mai saye ya san ɓangaren da kowacce ta fi karkata. Wasa ɗaya aka buga jiya da dare, amma in ka shimfiɗa jaridu biyu a gabanka sai ka rantse filaye biyu aka je. Duk karatun da na yi a jami'a, in aka tace shi, koyon yadda zan tsaya a tsakiyar wannan hayaniya ne in rubuta abin da idona ya gani da abin da zan iya kawo shaidarsa.

Ni ɗan Mai Wurno ne, garin da ke bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, wanda kakanninmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903 a ƙarƙashin ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. A gida Hausa muke yi, a makaranta Larabci. Ƙwallo kuwa a rediyon kawuna na fara saninta, tun kafin in taɓa ganin babban fili. Abin da ya fara sa ni tunanin aikin jarida shi ne wasan Aljeriya da Masar na neman gurbin gasar duniya, wanda aka buga a filin Merrikh ranar 18 ga Nuwamba 2009, Antar Yahia ya ci wa Aljeriya ƙwallo ɗaya tilo. Mun kalla a gidan kallo. Kwanakin da suka biyo baya tashoshin Masar suna faɗin abu ɗaya game da abin da ya faru a titunan Khartum bayan wasan, na Aljeriya suna faɗin wani, namu na Sudan suna musanta su. Ina yaro a lokacin, amma abin ya tsaya mini a rai: a cikin duk masu maganar nan, wa ya je wurin?

Shiga jami'a a nan ta hanyar shahadar Sudan ce, wato jarrabawar kammala sakandare. Ana fitar da sakamako da kaso cikin ɗari, ka cika takardar zaɓi ka jera kwalejojin da kake so ɗaya bayan ɗaya, ofishin karɓar ɗalibai na ma'aikatar ilimi mai zurfi ya ajiye ka inda makinka ya kai. Na bi littafin jagorar shekararmu shafi-shafi ban ga kwas mai suna jaridar wasanni ba. Abin da ke akwai hanyoyi biyu ne. Ko ka bi ta ilimin yaɗa labarai, wanda ake yi a wurare irin su Jami'ar Musulunci ta Omdurman da Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha da Jami'ar Khartum da Jami'ar Afirka inda 'yan'uwanmu na Najeriya da Nijar suke da yawa, ko ka bi ta kwalejin motsa jiki da wasanni ka fito malami ko mai horarwa. Na zaɓi ta farko, da niyyar duk aikin da aka ba ni zaɓi a kansa in karkata shi wajen wasanni. Haka mafi yawan waɗanda na sani a wannan fanni suka yi.

Baba bai hana ni ba, amma bai yi murna ba. Da na kai masa takardar, ya daɗe yana dubawa sannan ya ce, "Ɗana, mai alƙalami yana iya zubar da mutuncin mutum yana zaune a ɗaki. Ka iya riƙe hannunka?" Na ce, "In Allah ya yarda, Baba." Ya ce to je ka. Inna ita damuwarta ɗaya ce, wa zai riƙa dafa mini a Khartum.

Na shiga a 2016. Shekarar farko ba ta da alaƙa da ƙwallo ko kaɗan: Larabci, Turanci, kwamfuta, gabatarwa ga ilimin sadarwa, tarihin jarida a Sudan tun daga buɗe Rediyon Omdurman a 1940 da abin da ya gabace shi. Sabon ɗalibi barlum ake ce masa, manya suna yi masa dariya, yana neman ɗakin muhadara yana ɓata. Na zauna a dahiliya, wato masaukin ɗalibai, abincinmu ful (dafaffen wake) da burodi safe da dare. Abin da ya fi ba ni wuya nahawu ne. Larabcin titi da muka tashi da shi daban, na rubutu daban, kuma marubucin wasanni kullum cikin ƙidaya yake, ƙwallaye uku, maki bakwai, minti goma sha biyu, ga shi a Larabci ƙa'idar adadi da abin ƙirgawa tana juyawa tsakanin namiji da mace daga uku zuwa goma. Na cika littafi guda da jimlolin sakamakon wasa kawai, ina kai wa wani ustazu yana gyara mini, har hannuna ya saba.

A shekara ta biyu aka fara aikin gaske. Malamin rubuta labari, wani dattijo da ya yi shekaru a ɗakin labarai kafin ya koma koyarwa, ya koya mana tsarin da ake fara labari da mafi muhimmanci a gangara zuwa ƙarami, da tambayoyi shida da dole sakin layi na farko ya amsa: wa, me, ina, yaushe, yaya, don me. Da ya ji ina son wasanni sai ya ce in bar manyan filaye tukuna, in je wasan unguwa, irin na rabiɗa da ake bugawa a filin ƙasa bayan la'asar, in kawo masa rahoto gajere. Na kawo. Ya ɗauki jan biro ya bi layi-layi. Inda na rubuta cewa ƙungiya ta mamaye wasan, ya ja layi ya tambaye ni, "Sau nawa suka buga a raga?" Inda na ce alƙalin wasa ya zalunce su, ya ɗago kai ya ce, "Yaro, ka gani ne, ko an gaya maka?" Wannan tambaya ya yi ta maimaita mana har muka gama, kuma ita nake ji a kunnena duk lokacin da zan tura labari.

Shi ya koya mini riƙe takardar wasa, kuma har yau ban canza tsarin ba. Ka raba shafi gida biyu a tsaye, kowace ƙungiya da ɓangarenta. Kafin a take wasa ka je wurin mai sa ido kan wasan ka nemi jerin 'yan wasa, ka kwafe suna da lambar riga, ka tabbatar da rubutun kowane suna daga bakin wani na ƙungiyar, don babu abin da ke ɓata wa ɗan wasa rai kamar ya ci ƙwallo a rubuta sunan wani. Ka danna agogonka da busar farko. Duk abin da ya faru ka sa minti a gefen hagu, lambar riga, sai alama: da'ira ga ƙwallon da ta shiga, kibiya ga bugun da ya nufi raga, murabba'i ga kati. Idan aka ci ƙwallo kada ka bi mai murna da ido, ka waiwaya ka nemi wanda ya ba shi, da wanda ya yi sakacin da ya jawo ta, ka rubuta nan take kafin ihu ya share maka tunani. A filin unguwa babu maimaici a allo, babu mai ƙirga maka komai. Ƙura tana tashi, lambar riga ta goge, yara suna tsaye a kan layi. Wanda ya iya fitar da rahoto mai tsabta daga nan, babban fili ba zai gagare shi ba.

Dokokin wasa kuwa ba a cikin manhaja na same su ba, ni na bi su. Guda 17 ne, hukumar IFAB ce ke tsara su, kuma tana yi musu gyara kusan kowace shekara. Na riƙa zuwa zaman da alƙalan wasa ke yi na bita, in zauna a baya in saurara. A nan na gane yawan abin da ake zagin alƙali a kansa a jarida, marubucin ne bai san doka ba. Babu satar gida daga jifa, ko bugun kusurwa, ko bugun gola daga raga, amma sau da yawa za ka ji ana ihu a kansu. A 2018 aka shigar da na'urar VAR cikin dokoki aka yi amfani da ita a gasar duniya ta Rasha. A 2019 aka ce a bugun gola ba dole ƙwallo ta fita daga da'irar gola ba kafin ɗan bayansa ya taɓa ta. Wanda bai bi waɗannan canje-canje ba zai yi ta yanke wa mutane hukunci da dokar da aka riga aka soke.

Watan Yuli na 2017 ya buɗe mini ido ta wani ɓangaren. FIFA ta dakatar da hukumar ƙwallon Sudan saboda gwamnati ta sa hannu a rikicin shugabancinta. Dakatarwar kusan mako guda ta yi, amma ta faɗa daidai kan wasan ƙarshe na rukuni a gasar zakarun Afirka, Hilal da Merrikh suka rasa wasanninsu ba tare da sun taka fili ba. Kowa yana ihu, kaɗan ne suka iya bayyana wa mai karatu wane sashe na ƙa'idojin FIFA aka taka. Daga nan na fara karanta kundin tsarin hukumomi da ƙa'idojin rajistar 'yan wasa kamar yadda nake karanta darasi. Ba a daɗe ba amfanin haka ya fito, domin a 2020 kotun wasanni ta duniya da ke Lausanne ta yanke hukuncin da ya mayar da kofin gasar Sudan ta 2018 hannun Merrikh. A ƙasar nan ana cin kofi a fili, ana kuma cin sa a takarda, ɗan jarida kuwa dole ya iya karanta duka biyun.

A darasin doka da ɗa'ar aiki muka karanta dokar jarida ta 2009 da sashe na 159 na dokar laifuka ta 1991, wanda ya yi magana kan ɓata suna. Amma zaman da ya fi taɓa ni shi ne wanda aka yi kan Endurance Idahor, ɗan wasan gaba na Merrikh daga Najeriya, wanda ya faɗi a fili ranar 6 ga Maris 2010 a wasa da Al-Amal ta Atbara, ya rasu. Daktar da ke koyar da darasin ta tambaye mu: kana filin, kyamara na hannunka, me za ka buga? Za ka sa hoton fuskarsa a shafin farko? Za ka faɗi dalilin mutuwa kafin likita ya yi magana? Ka tuna yana da iyali a wata ƙasa da wataƙila daga gare ka za su fara ji? Aji ya yi tsit, sannan aka yi ta muhawara har lokaci ya ƙare. Ni dai na fita da matsayi ɗaya, ba na buga hoton mutum a halin da ba zan so a ga ɗan'uwana ba, ko da kowa ya buga.

Digirin shekara huɗu ne a takarda, amma namu ya zarce. A Disamba 2018 zanga-zanga ta tashi aka rufe jami'o'i, ba mu koma ba sai wajen ƙarshen 2019, muna fara daidaituwa kuma korona ta sake rufe mu a 2020. Zaman gida ban bar shi ya tafi a banza ba. Na buɗe shafi a Facebook ina kawo sakamakon wasannin ƙauyukanmu na gefen Sinnar, da Larabci a rubuce, sannan in yi muryar minti biyu da Hausa in tura a WhatsApp. Muryar nan ta fi rubutun tafiya nesa. Tsofaffi da ba su taɓa sayen jarida ba suka fara tare ni a kasuwa suna tambayar yadda wasan jiya ya kaya. Da aka yanke intanet a watan Yuni na 2019 na koma rubutawa a takarda ina mannawa a bangon kulob.

Horon aiki na yi shi a wata jaridar wasanni ta kullum a Khartum, kuma ya faɗo daidai lokacin rajistar 'yan wasa, lokacin da gari ke birkicewa. Jita-jita ta fi labari yawa. Wannan ya sa hannu, wancan an ɓoye shi a wani gida don kada abokan hamayya su kai gare shi, wani yana filin jirgi. Waya ba ta hutawa, kuma mafi yawan masu kiran suna da abin da suke so a buga: dillali na son farashin ɗan wasansa ya tashi, ɗan kwamitin kulob na son huce haushi kan abokin aikinsa. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce majiya biyu da ba su haɗa baki ba, ko takarda. A ɗakin labarai kuwa ƙarfe goma sha ɗaya na dare ana jiran shafi a kai maɗaba'a, wuta ta ɗauke, janareta na kuka, edita na cewa a kawo. Wata rana na rubuta cewa ana tattaunawa da wani ɗan wasa, domin iyakar abin da na tabbatar ke nan. Da safe na ga kanun ya ce an gama, ya sa hannu. Cinikin bai yiwu ba. Na je na sami editan na ce, "Ustaz, ba haka na rubuta ba." Ya ce kanu shi ke sayar da jarida, gobe mutane sun manta. Ban yarda da shi ba a ranar, yau ma ban yarda ba. Mutane ba sa mantawa, daina yarda da kai suke yi.

Akwai kuma ambulan. Bayan taron manema labarai wani zai bi ku ɗaya-ɗaya ya ce kuɗin mota ne. Ba zan yi wa kowa wa'azi a kai ba, don na ga albashin da ake biyan manyanmu, na kuma ga watannin da ba a biya ba. Amma na lura da abu ɗaya, wanda ya karɓa ranar Litinin, in labari mara daɗi ya taso kan mai bayarwar ranar Alhamis, sai ka ga alƙalaminsa ya yi nauyi. Na zaɓi in hau bas in koma dahiliya.

Aikin da na fi jin daɗinsa a duk karatun na darasin rediyo ne. An ce kowa ya haɗa rahoton minti biyar da sautin wuri. Abokaina suka nufi filayen ƙwallo, ni na tafi unguwar Haj Yusuf a gabashin Nilu, inda a lokacin ake kokawar ƙabilar Nuba ranar Juma'a da yamma. Fili ne zagayayye cike da yashi, 'yan kokawa suna shiga suna ɗiban ƙasa suna murzawa a tafin hannu, su sunkuya suna kewaya juna, kowa na neman ƙafar ɗan'uwansa. Da an kayar da mutum sai wuri ya ɗauka, a ɗaga gwani a kafaɗa a zagaya da shi, masu kallo suna manna masa kuɗi a goshi. Duk Bahaushen da ya tsaya a wurin zai ji kamar yana dandalin garinsu bayan kaka. Na riƙe rikoda kusa da ƙasa don in kamo sautin ƙafafu a yashi, na bar ihun ya yi daƙiƙa goma kafin in sa muryata. A lokacin jama'a da yawa na zuwa wannan wuri, amma da wuya ka ga layi biyu a kansa a jaridun da ke ba da shafi guda ga atisayen Hilal.

Wannan ne ya zama binciken kammala karatuna: yadda jaridun wasanni ke raba shafinsu na farko tsakanin manyan ƙungiyoyin biyu da sauran wasanni. Na yi ta zirga-zirga zuwa gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Khartum, inda ake ajiye tsofaffin jaridu a ɗaure. Na tsara takardar tantancewa, kowane labari da rukuninsa: wace ƙungiya, wane wasa, akwai majiya mai suna ko babu, labari ne ko ra'ayi. Faɗin kowane labari da rula na auna shi. Mai duba aikina ya sa na ba wani ɗalibi wani kaso na jaridun ya tantance shi kaɗai, muka gwada yawan inda muka dace, don a tabbatar ba son raina na ƙirga ba. Abin da ya fito bai ba kowa mamaki ba, amma ganin sa a jere a tebur daban ne da jin sa a baki. Ƙasar da aka kafa hukumar ƙwallon Afirka a babban birninta a 1957, ta ci kofin nahiyar a 1970, ta samu lambar Olamfik ɗinta ta farko ta hannun Ismail Ahmed Ismail a tseren mita 800 a Beijing a 2008, ta fara gasar ƙwallon mata a 2019, amma shafin farko kusan kullum na ƙungiyoyi biyu ne. Ranar kare binciken wani daga cikin malaman ya tambaye ni ko ba abin da masu karatu ke so ke nan ba. Na ce masa, "Dakta, ba a taɓa ba su wani abu ba balle a san ko suna so."

Bayan kammalawa akwai hidimar ƙasa, akwai kuma jarrabawar shiga rajistar 'yan jarida ga mai son katin aiki. Ina cikin neman gindin zama yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Jaridun takarda suka tsaya, filayen Omdurman suka zama kufai, abokan karatuna suka watse, wasu Masar, wasu Saudiyya, wasu Bur Sudan. Hilal da Merrikh suka koma buga gasar Muritaniya a kakar 2024 zuwa 2025. Tawagar ƙasa a ƙarƙashin Kwesi Appiah ta mayar da Bengazi ta Libiya gida, ta doke Gana 2-0 a can, Nijar ta lallasa mu 4-0 a Lome, sannan canjaras da Angola a Nuwamba 2024 ya kai mu gasar Afirka.

Waɗannan wasanni duk a waya na kalle su, daga Gadarif inda muka koma da iyali, kuma ina faɗa wa masu saurarona haka a farkon kowane rahoto, cewa a allo na gani, ban je filin ba. Jerin 'yan wasa ba na ɗauka sai daga shafin hukuma ko na kulob, labarin rauni ko ciniki kuwa sai na samu mutum biyu. Da la'asar ina zuwa filayen unguwa da takardata, inda yaran da yaƙi ya koro daga Khartum da Madani da Sinnar suka haɗu da 'yan gari suka kafa ƙungiyoyi. Ina rubuta sunayensu da garuruwan da suka fito da sakamakon kowane wasa a littafi ɗaya, da dare in karanta da Hausa da Larabci in tura.